Horon ikilisiya: ina hanyar dawowa ga wanda aka zaunar a bencin baya?

Malamin Ajin Baftisma ya rubuta:

Ina gaishe ku, iyayena da 'yan'uwana, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Tambayata a kan horon ikilisiya ce, kuma ina roƙon waɗanda suka riga ni daɗewa cikin hidima su yi mini jagora, domin matasan da nake koyarwa a ajin shirin baftisma ne suka kawo mini ita, amsar da na ba su kuwa ba ta gamsar da su ba.

Ga yadda ake yi a wurinmu, kuma na san haka yake a ikilisiyoyi da dama a nan Arewa. Idan mai bi ya faɗi cikin zunubin da ya fito fili, majalisar dattawa takan zauna a kan maganarsa, sa'an nan ranar Lahadi a kira sunansa, ya miƙe tsaye a gaban jama'a, a faɗi laifinsa, a ce an sa shi ƙarƙashin horo na wata shida ko na shekara guda. Daga wannan rana ba zai ci Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi suke tarayya a kai don tunawa da mutuwar Almasihu, ba zai yi waƙa tare da mawaƙa ba, ba zai riƙe wani aiki a zumunta ba, wurin zamansa kuma shi ne bencin ƙarshe da ke kusa da ƙofa. Idan wa'adin ya cika, sai a faɗa cikin magana ɗaya ko biyu cewa an ɗauke wa wane horo, wani lokaci ma a tsakanin sanarwar kuɗin gini da ta ranar sharar majami'a.

Abin da ya fi damuna shi ne, da yawa daga cikin waɗanda aka zaunar a wannan benci ba sa kai ƙarshen wa'adin. Za ka gan su na ɗan lokaci kansu a sunkuye, suna fita kafin a yi addu'ar sallama don kada su haɗu da kowa a bakin ƙofa, daga baya sai a daina ganinsu gaba ɗaya, babu kuma wanda aka ɗora wa alhakin bin sawunsu.

Shin zaunar da mutum a bencin baya da yanka masa wa'adi suna da tushe a cikin Littafi Mai Tsarki, ko kuwa tsari ne da muka gada daga waɗanda suka kafa ikilisiyoyinmu? Idan kuma manufar horo ita ce a maido da ɗan'uwa, me ya sa muka tsara hanyar shigarsa dalla-dalla, muka bar hanyar fitarsa babu tsari? Ba ina neman a soke horo ba ne, domin na karanta Matiyu 18 da 1 Korantiyawa 5, na kuma ga cewa umarni ne. Ina so ne in gane ko abin da muke yi shi ne abin da aka umarce mu.

Dattijon Ikilisiya ya rubuta:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka kawo wannan magana cikin ladabi. Zan fara da abin da ba na so tausayi ya sa mu manta da shi. A 1 Korantiyawa 5, fushin Manzo Bulus ya fi sauka a kan ikilisiyar fiye da kan mutumin da ya zauna da matar mahaifinsa, domin sun san abin da ke faruwa, amma maimakon su yi baƙin ciki sai suka ci gaba da fahariya kamar babu komai. Ya tuna musu cewa ɗan yisti kaɗan yakan game curin gurasa duka. Mu kuma da muke zaune tare da maƙwabtan da ba Kirista ba a gari ɗaya da kasuwa ɗaya, wani lokaci ma a gida ɗaya, mun san ana lura da yadda muke yi da zunubi a tsakaninmu, kuma shaidarmu takan lalace a ranar da aka gane cewa kowa yana iya yin abin da ya ga dama ya zo ya miƙa hannu ya ɗauki gurasa.

Game da benci, gaskiya ita ce babu wata aya da ta ce a zaunar da mai laifi kusa da ƙofa, babu kuma wadda ta ce wata shida ko shekara guda. Tsari ne na shugabannin ikilisiya, amma ba a yi shi don mugunta ba. Yahaya Maibaftisma ya ce wa waɗanda suka zo wurinsa su nuna 'ya'yan da suka dace da tuba, 'ya'ya kuwa ba sa nuna a rana ɗaya. Na sha zama da mutumin da ya yi kuka har ya jiƙe gaban rigarsa a ɗakin majalisa ranar Asabar da yamma, kafin wata ya zagayo ya koma gidan burkutun da ya rantse ya bari. Wa'adi yana ba dattawa zarafin su gani ko kukan na tuba ne ko na kunyar an kama shi. Yana kuma kare mu daga son kai, domin idan aka bar wa dattawa su yanke yadda suka ga dama a kan kowane mutum, ɗan mai kuɗi zai yi mako biyu, ɗan talaka ya yi shekara.

Inda na yarda da kai shi ne wajen matakan da Ubangiji ya shimfiɗa a Matiyu 18:15-17. Ya ce ka fara zuwa wurin ɗan'uwanka kai da shi kaɗai, idan bai saurare ka ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, idan ya ƙi jinsu sa'an nan a faɗa wa ikilisiya. A yawancin shari'un da ke zuwa gabanmu, magana ta riga ta zagaya unguwa, ta shiga kasuwa, ta hau WhatsApp, kafin wani ya taka ya je gidan mutumin ya zauna da shi. Sai ya zamana mun fara daga mataki na uku, kuma wannan ba laifin dattawa ba ne kaɗai, laifin duk wanda ya ji magana ya kai ta kunnen wani maimakon kunnen mai ita ne.

Uwar Zumunta ta rubuta:

Baba Dattijo, ina gaisuwa da girmamawa, kuma ban yi musun ko ɗaya daga cikin ayoyin da ka kawo ba. Amma ina roƙo a duba su wane ne suke zama a wannan benci, domin mu mata mu ne muka fi ganinsu. A cikin shekarun da na yi a zumuntar mata, mafi yawan waɗanda na gani a can 'yan mata ne da suka yi ciki kafin aure. Saurayin da ya yi cikin sau da yawa ya riga ya tafi Abuja ko Legas neman aiki, ko ya koma wata majami'a a ƙetaren titi yana kaɗa musu jita, ko kuma ya yi musu an ce babu shaida. Ita kuwa shaidarta tana jikinta, ba ta da inda za ta ɓoye ta.

Ba yau aka fara wannan ba. A Yahaya 8, malaman Attaura da Farisiyawa sun kawo mace ita kaɗai suka ce an kama ta tana cikin zina, alhali Littafin Firistoci 20:10 da Maimaitawar Shari'a 22:22 sun ɗora hukuncin a kan namijin da macen duka. A Farawa 38 kuma, da aka gaya wa Yahuza cewa surukarsa Tamar tana da ciki, nan take ya ce a fito da ita a ƙone ta, sai da ta aika masa da hatiminsa da igiyarsa da sandansa, ya gane cikin nasa ne, ya furta da bakinsa cewa ta fi shi gaskiya. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ga abin da nake so iyayenmu maza su sani, domin ba a faɗa musu shi. 'Yan mata sun san cewa wadda ta riƙe cikinta za a kira sunanta a gaban jama'a, iyayenta su kasa ɗaga kai, wadda kuma ta je a ɓoye ta zubar za ta dawo ranar Lahadi ta ɗaura ɗankwalin mawaƙa ta tsaya a layin gaba. Idan yarinya 'yar shekara 17 ta auna waɗannan biyu a cikin tsoro, wanne kuke tsammani za ta zaɓa? Mun rufe ido muna hukunta wadda ta ji tsoron Allah ta bar jaririn da rai. Na taɓa ganin wata a bencin ƙarshe da goyo a bayanta ranar Jibin Ubangiji, mai riƙe da farantin gurasa ya zo daidai inda take, ya ɗan tsaya, sa'an nan ya juya ya koma, ita kuwa ta shiga gyara majanyin goyon da babu abin da ya same shi don kada a ga fuskarta. Ranar sunan jaririn babu wadda ta ɗaura zanen zumunta ta je, saboda ana tsoron kada a ce mun goyi bayan zunubi.

Wani abu kuma, a 1 Korantiyawa 5:11 ɗin da ake kafa hujja da shi, Bulus bai tsaya a kan fasikanci ba. Ya haɗa da mai haɗama, da mai bautar gumaka, da mai zage-zage, da mashayi, da mazambaci. Ban taɓa ganin an tsayar da mutum don ya kwashe gona da gidan ɗan'uwansa da ya rasu ya bar gwauruwa da marayu a waje ba, ban kuma ga an tsayar da wadda gulmarta ta kashe auren wata ba, alhali duka biyun suna faruwa a idon kowa.

Tambayar da nake yi wa masana ita ce: mataki na ƙarshe a Matiyu 18 na wanda ya ƙi saurara ne. Yarinyar da ta zo da kanta wurin matar fasto tana kuka ta faɗi abin da ta yi, ai ta saurara tun kafin a je mata. Da wace aya muke ɗora mata hukuncin mai taurin kai?

Malamin Tauhidi ya rubuta:

Mama, tambayarki ta ƙarshe ita ce cibiyar maganar, kuma zan zo kanta. Amma bari in fara amsa wa ɗan'uwanmu malamin aji, domin ware wa masu tuba wurin zama ya girmi zuwan 'yan mishan ƙasarmu da ɗaruruwan shekaru, kuma sanin yadda ikilisiyar farko ta yi da shi zai nuna mana abin da muka riƙe da abin da muka yar.

A shekara ta 250, Desiyus, sarkin daular Roma, ya ba da umarni kowa ya miƙa hadaya ga gumaka ya karɓi takardar shaida. Kiristoci da yawa sun miƙa, waɗansu kuma sun sayi takardar da kuɗi ba tare da sun miƙa ba. Da tsanani ya lafa, sai suka dawo suna ƙwanƙwasa ƙofa, ikilisiya kuwa ta rabu a kansu. Nobatiyan a birnin Roma ya ce ikilisiya ba ta da ikon karɓar wanda ya yi musun Almasihu, har ya ware ya kafa tasa ƙungiya a 251. Korneliyus, bishop na Roma, da Sifriyan, bishop na Kartaj a ƙasar da yau ake kira Tunisiya, suka tsaya a kan cewa akwai hanyar dawowa bayan tuban da aka gani, kuma ra'ayinsu ne ikilisiya ta bi. A babban taron bishop-bishop da aka yi a birnin Nisiya a shekara ta 325, doka ta 11 ta yanka wa waɗanda suka yi musun bangaskiya ba tare da an tilasta musu ba shekara 12: shekara 3 cikin masu sauraron karatu da wa'azi kawai, shekara 7 cikin masu durƙusawa a yi musu addu'a, shekara 2 kuma suna addu'a tare da jama'a amma ba sa cin Jibi. Wanda yake ganin wata shida sun yi yawa, to, ga abin da magabata suka yi.

Sai dai akwai abubuwan da suka haɗa da wannan tsanani waɗanda mu muka bari. Doka ta 12 ta ba bishop iko ya rage wa'adin idan ya ga tuba ta gaskiya a hawayen mutum da haƙurinsa da ayyukansa, wato ba kwanaki ake ƙirgawa kawai ba. Doka ta 13 ta ce kada a hana wanda yake bakin mutuwa Jibin Ubangiji. Mai tuba ba a manta da shi ba, ana yi masa addu'a cikin sujada, ana ɗibiya masa hannu, kuma maido da shi babbar hidima ce a gaban jama'a, wadda a ikilisiyar Roma ake yi ranar Alhamis kafin Ista. Horon kuma bai tsallake manya ba: a shekara ta 390, bayan sojojin sarki Tiyodosiyus sun karkashe jama'a masu yawa a Tasalonika, Ambros, bishop na Milan, ya hana sarkin Jibi har sai da ya tuba a fili. Duk da haka tsarin bai ɗore ba, domin nauyinsa da kunyarsa sun sa mutane suka riƙa jinkirta tuba har sai sun ga mutuwa ta matso. Abin da Mama ta faɗa game da 'yan mata masu ɓoyewa irin wannan sakamako ne.

Yanzu ga Matiyu 18. Yana da kyau a karanta surar gaba ɗaya, domin ayoyi 15 zuwa 17 suna tsakanin abubuwa biyu. Kafinsu akwai makiyayin da ya bar tumaki 99 ya tafi neman ɗaya da ta ɓata, bayansu kuma akwai tambayar Bitrus a kan sau nawa zai gafarta, da misalin bawan da aka yafe wa babban bashi ya ƙi yafe ƙarami. Ubangiji ya kuma faɗi manufar tun a aya ta 15, cewa idan ɗan'uwanka ya saurare ka, ka maido da shi ke nan. A nan shari'a ta ƙare. Saboda haka, Mama, ban ga ayar da ta ba mu iko mu ɗauki hukuncin wanda ya ƙi ji mu ɗora wa wadda ta ji ba. Ko wanda ya ƙi ɗin ma, an ce a ɗauke shi kamar ba'al'umme, wato wanda ba Bayahude ba, ko mai karɓar haraji, kuma Matiyu da kansa mai karɓar haraji ne da Yesu ya tarar a wurin aikinsa ya kira shi.

A 2 Korantiyawa 2:5-11, Bulus ya rubuta game da wani da ikilisiyar ta hukunta, ya ce hukuncin ya isa, yanzu su gafarta masa su ta'azantar da shi, don kada baƙin ciki mai yawa ya haɗiye shi, su kuma tabbatar masa da ƙaunarsu. Ya ƙara da cewa kada Shaiɗan ya ribace mu, domin mun san dabarunsa. Ashe a ganin Bulus, jinkirin maido da mai tuba ƙofa ce ga Shaiɗan kamar yadda ƙyale zunubi yake. Galatiyawa 6:1 kuma ta ɗora aikin maidowa a wuyan waɗanda suke na ruhu, cikin tawali'u. Aiki ne da ake ba mutane sanannu, ba abin da benci zai yi shi kaɗai ba.

Fasto a Karkara ya rubuta:

Ina gaishe ku duka. Na amince da yawancin abin da Malam da Mama suka faɗa, amma ina jin tsoron kada mai karatu ya tashi da tunanin cewa duk wanda ya ce ya tuba sai a mayar da shi inda yake washegari. Akwai bambanci tsakanin gafara da amana. Ma'ajin da ya ci kuɗin baiko, idan ya tuba, za a gafarta masa a karɓe shi a teburin Ubangiji, amma sai ya biya abin da ya ci kamar yadda Zakka ya yi alkawari a Luka 19, kuma ba za a sake miƙa masa makullin akwati nan da nan ba. Wannan ba hukunci ba ne, hikima ce, kuma 1 Timoti 3 ta nuna cewa riƙon aiki a ikilisiya yana da sharuɗɗan da zama ɗan ikilisiya ba shi da su.

Akwai kuma abin da ya kamata dattawa su riƙa tambaya kafin su yanke komai a kan yarinya mai ciki: wane ne ya yi, shekarunsa nawa, kuma da yardarta ne? Wani lokaci wanda ya yi babban mutum ne, malaminta ko ɗan'uwan mahaifinta ko mai gidan da take aiki, yarinyar kuma ba ta kai shekarun sanin ciwon kanta ba. Irin wannan ba maganar wata shida ba ce, fyaɗe ne, wurinsa kuma gaban hukuma, wadda Romawa 13 ta ce ba a banza take riƙe da takobi ba. A surar Matiyu 18 ɗin nan da muke ta karantawa ne Ubangiji ya yi maganar rataya dutsen niƙa a wuyan wanda ya sa ɗaya daga cikin ƙanana tuntuɓe. Ikilisiyar da ta rufe irin wannan magana don kada sunanta ya ɓaci, ta kuma tsayar da yarinyar a gaban jama'a, ta yi zalunci sau biyu.

Game da faɗar laifi a fili, ayar da ta fi fitowa sarari a kai tana magana ne a kanmu shugabanni. A 1 Timoti 5:19-21, Bulus ya ce kada a karɓi ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku, amma masu ci gaba da zunubi a tsawata musu a gaban kowa domin sauran su ji tsoro, ya kuma gargaɗi Timoti kada ya yi komai da son kai. Bulus da kansa ya tsawata wa Bitrus a gaban jama'a a Antakiya, da Bitrus ya janye daga cin abinci tare da masu bi na al'ummai. Mu kuwa mun juya abin: idan ma'aikacin ikilisiya ya faɗi, sau da yawa sai a yi masa canjin wurin aiki a asirce, sabuwar ikilisiyar ba ta san komai ba, amma 'yar mawaƙa sai an kira sunanta da na mahaifinta.

Abin da muke yi yanzu a inda nake hidima shi ne, ba a sa kowa ƙarƙashin horo sai an rubuta a littafin majalisa sunayen mutum biyu da za su riƙa ziyartarsa suna karatu da addu'a tare da shi, mata ga mace, maza ga namiji, kuma su ne suke kawo wa dattawa rahoto. Mun ɗauke dokar benci, mutum yana zama tare da iyalinsa. Ranar maidowa kuma ba a yin ta cikin sanarwa. Ana kiransa gaba, a karanta Zabura 51 ko Luka 15, dattawa su ɗibiya masa hannu, jama'a su miƙe tsaye, shi ne kuma na farko da ake miƙa wa gurasa.

Malamin Ajin Baftisma ya rubuta:

Na gode ƙwarai, iyayena. Abu ɗaya ya rage mini wanda na ga bakinku bai zo ɗaya a kansa ba. Idan mutum ya tuba, dattawa kuma sun ga alamar gaskiya a tubansa, daidai ne a ci gaba da hana shi Jibin Ubangiji har wa'adi ya cika?

Malamin Tauhidi ya rubuta:

Ɗan'uwa, a ganina ba daidai ba ne. Taron da Sifriyan ya jagoranta a Kartaj a 251 ya yanke cewa waɗanda suka miƙa hadaya ga gumaka su ci gaba da tuba, ba za a karɓe su ba sai a bakin mutuwa. Ba da daɗewa ba, da suka hango wani tsanani yana tafe, sai bishop-bishop ɗin suka sake zama suka karɓi dukan masu tuba, hujjarsu kuwa ita ce ba za a tura mutum fagen gwaji a hana shi abin da zai ƙarfafa shi ba. Yarinyar da take renon jariri ita kaɗai, ana yi mata kallon banza a unguwa, tana cikin gwajin da ya kai a ba ta wannan ƙarfi.

Dattijon Ikilisiya ya rubuta:

Malam, a nan ban bi ka ba tukuna. 1 Korantiyawa 11:27-29 ta yi gargaɗi mai nauyi a kan cin gurasar nan da rashin cancanta, kuma dattawa ne za su ba da lissafi a kan rayukan da aka ba su kiwo. Na yarda a rage wa'adi idan an ga tuba, na kuma yarda cewa ba lallai ya zama ɗaya ga wadda ta zo da kanta da wanda aka kama yana musu ba, amma ina ganin ɗan lokacin jira yana da amfani ga mai tuban kansa. Maganar mutum biyu masu ziyara da Fasto ya kawo kuwa, zan gabatar da ita a zaman majalisarmu mai zuwa.

Uwar Zumunta ta rubuta:

Baba Fasto, kafin a rufe maganar, jaririn fa? A wurinmu ba a miƙa shi ga Ubangiji sai uwarsa ta gama horo, wani lokaci har ya fara tafiya.

Fasto a Karkara ya rubuta:

Mama, Ezekiyel 18:20 ta ce ɗa ba zai ɗauki laifin mahaifinsa ba, don haka ba mu da dalilin jinkirta masa. A wurinmu ana miƙa shi a ranar da ake miƙa sauran jarirai, cikin sujada ɗaya da layi ɗaya, uwarsa ce take riƙe da shi, kakanninsa kuma su tsaya tare da ita idan mahaifin ba ya nan. Idan kundin tsarin ikilisiyarku ya ce wani abu dabam, sai shugabannin zumuntar mata su rubuta wa majalisar dattawa, su kuma nemi a kai maganar taron gunduma, domin ikilisiya ɗaya ba ta iya canza doka irin wannan ita kaɗai.